Mataki Ukun Da Na Rage Wa Hannatu

Kwanakin baya wasu samari masu ɗakin haɗa waƙa a unguwar Malam Inna da ke nan Gombe suka zo suka ɗauke ni in duba musu fiyanon lantarki da ya daina ƙara ta gefe guda. Waya ce ta tsinke a ciki, ban ɗauki minti goma ba. Ina zaune ina shan ruwan da suka ba ni, sai wata budurwa ta shiga za ta rera, ta ce kiɗan ya yi mata sama. Saurayin da ke kan na'ura ko kai bai ɗago ba, ya danna wani maɓalli sau biyu, kiɗa ya sauko. Ya juyo yana dariya ya ce, "Baba, ka ga aikinku na da? Yanzu da yatsa ɗaya ake yin sa." Ban tanka ba a lokacin, don raina ya ɗan ɓaci. Amsar ce nake rubutawa yanzu, domin shi da ire-irensa masu ganin raka mawaƙi da kiɗa wasa ne.

Sunana Sale, haifaffen unguwar Dawaki, kuma asalin sana'ata kafinta. Kiɗa ba gadona ba ne. A gidanmu ko tafi aka yi da ƙarfi sai an tambayi dalili. Lokacin da layin dogo ya iso Gombe, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, maigidana ya aike ni kulob ɗin ma'aikatan reluwe in gyara ƙafar wani akwati da ta karye wajen sauke shi daga tarago. Na tarar da baƙin akwati an tokare shi da bulo. Ina kwance a ƙarƙashinsa ina aiki, sai wani mutum ya zo ya zauna ya fara danna shi a kaina. Ashe fiyano ne. Sautin ya biyo katako ya shige mini ƙirji. Ƙafar da ba za ta ci awa guda ba sai da na yi kwana uku ina gyaran ta, kuma mutumin ya gane abin da nake ciki. Sunansa Oga Effiong, akawu ne a tashar jirgi, mutumin Kalaba, gajere. Hausarsa a karye take, amma ba ta taɓa hana shi zagi ba. Shi ne shugaban 'yan kiɗan kulob ɗin, kuma shi ya zama malamina.

Abin da ya fara koya mini ba bugu ba ne, jinya ce, domin fiyano a Gombe majinyaci ne. Da rani katakon yana bushewa, wayoyi su saki, sai mu ajiye kwanon ruwa a cikinsa daga ƙasa, kowane kwana biyu a ƙara. Da damina maɓallai su kumbura su maƙale, sai a kankare bakin fensir a shafa musu. Ɓeraye kuwa ba su da abincin da ya fi ulun da ke kan 'yan gudumomin ciki, kuma ba inda ake sayar da shi a faɗin lardin. Tsofaffin hulunan dara nake bi ina saye a kasuwa ina yankawa. Kayan aikinmu biyu ne: spana ta ɗaure wayoyi, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda in ka buga shi a gwiwa ka kara a kunne zai ba ka sauti ɗaya tak da ba ya canzawa. Daga wannan sautin ake daidaita sauran duka, da kunne, kuma aikin wuni ne.

Sai aka zo kan abin da saurayin nan yake yi da yatsa ɗaya. Kowace waƙa tana da tsayin da ake ɗora ta a kai, mu muna ce masa mataki, kuma matakan goma sha biyu ne. In aka sauke waƙa mataki ɗaya, duk inda yatsunka goma suka saba sauka ya tashi, sai ka sake musu sabuwar hanya, kuma nan take, mutane suna rawa. Oga Effiong ba ya yarda ka iya waƙa sai ka buga ta a duk sha biyun. Yana tsaye da rula a bayana. Shekara biyu na yi a haka, da safe in fere katako, da yamma in sha rula.

Amma babban karatun bayan mawaƙi ne. Mai fiyano yana zama a baya ta hagu, ba ya ganin fuska, sai kafaɗa. A kafaɗa za ka ga lokacin da za a ja numfashi, ka ga ko an ja isasshe, ka ga ko yau an tashi da gajiya. Oga Effiong ya taɓa ce mini, "Kai ba mai kiɗa ba. Kai ƙasa. Shi yana tafiya, kai kana sa ƙasa inda ƙafa zai sauka." Haka ya faɗa, da Hausarsa, kuma ban taɓa jin wanda ya bayyana aikin fiye da haka ba.

Hannatu ta zo mana ne a wata walimar Kirsimeti da la'asar. 'Yar ƙasar Tangale ce, mahaifinta dattijon coci, ita kuma tana aikin share ɗakunan marasa lafiya a asibiti. Ta girme ni da shekara huɗu, shi ya sa har ta mutu Yaya nake ce mata. Gwaggonta tana dafa wa wani injiniyan reluwe abinci, a gidan ne Hannatu ta riƙa jin faya-fayan garmaho na baƙaƙen Amurka, irin waƙoƙin da ake kira jaz da sol, ta haddace su tun ba ta san ma'anar rabin Turancin ba. Ta zo da ɗankwali da takalmin roba ta ce za ta gwada. Oga Effiong ya ba ta matakin da yake ba mata, ta ce ya ƙara. Ya ƙara, ta ce ya ƙara. Sau uku. Ya dube ni, ya ɗaga gira, irin ta bari mu ga faɗuwar. Da ta buɗe baki, mai ganga ya manta ya shiga. Ƙasan muryar yana da kauri da ɗumi, amma saman ne abin mamaki. Sauran mata in sun hau sama muryarsu sirancewa take yi, ita kuwa tata buɗewa take yi, kamar ka fito daga zaure ka shiga tsakar gida.

Daga nan Asabar da Lahadi kulob ba masaka tsinke. Ma'aikatan jirgi, akawunan gidan gurzar auduga, malaman makaranta, Kwarori masu kantuna, 'yan Turawan da suka rage. Akwai kuma wasu masu sauraro da ba a lissafa su, manyan gari da ba za su so a ga ƙafarsu a kulob ba. Su sai su faka mota a bayan katanga, su sauke gilashi, wai iska suke sha. Hannatu ta san da su. Takan sa a juya lasifika ɗaya ta fuskanci katangar, ta ce kada a bar masu shan iska da yunwa.

Shekarar da ƙasa ta rikice, mutanen kudu suka yi ta barin gari, Oga Effiong ya bi jirgin safe. A kan dandamali ya zaro spana da ƙarfen nan daga aljihu ya danƙa mini, ya ce in riƙa zuba wa fiyano ruwa. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Rabin 'yan kiɗanmu sun tafi a makon, kujerar fiyano ta zama tawa ba don na isa ba. A lokacin ne Hannatu ta tsara waƙarta ta kanta, da Hausa amma a kan salon sol, game da jirgin safe da waɗanda ya ɗauka bai dawo da su ba. Waƙar tana tafiya a hankali, can ƙarshe sai ta hau wani wuri mai tsawo ta tsaya a kai har sai numfashi ya ƙare. Na ga ƙartin maza masu ɗaga ƙarfen dogo suna share ido a wannan wurin. Waƙar ce ta kai mu Jos da Kaduna da Maiduguri, har aka riƙa buga sunanta a takardun talla da manyan baƙaƙe.

Abin da ba a yi ba shi ne ɗaukar muryar. Wani mutum ya zo daga Ikko sau biyu yana so ya tafi da ita a buga mata faifai. Zuwan farko mahaifiyarta tana kwance, na biyu tana goyo. Kullum sai ta ce baɗi, ai murya ba guduwa za ta yi ba. Mu ma duk haka muka ɗauka.

Yanzu ga wata al'ada ta sana'armu da ba a rubuta ta ko'ina ba. In muryar mawaƙi ta fara sauka, mai fiyano yana sauke waƙar, kuma ba ya faɗa. Mawaƙin ya sani, don maƙogwaronsa ya gaya masa, amma shi ma ba ya faɗa. Ana iya shekara ashirin a haka ba wanda ya ɗaga maganar. Rufin asiri ne, kuma muna ɗaukar sa ladabi. Wata damina Hannatu ta yi tari mai tsawo. Ranar da ta dawo, na ga kafaɗarta ta ɗaga tun kafin lokaci, na san saman nan ba zai samu ba. A waƙa ta gaba na sauko mataki ɗaya. Ba ta juyo ba. Da muka tashi sai ta ce in gaida mutanen gida, shi ke nan.

Muguwar shekararmu kuwa ita ce shekarar da kowa yake murna. Kuɗin mai sun shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset. Muka ce to, kakarmu ta yanke saƙa. Ashe mu ne za a fara sallama. Sababbin otal suka sayo manyan lasifikoki da injin juya faifai, mutum ɗaya ya tsaya yana canza waƙoƙin ƙasashen waje, ba ya gajiya, ba ya tari, ba a ciyar da mutum bakwai. Kulob ɗinmu ma ya bi sahu. Aka tura fiyano lungu, aka ɗora masa akwatunan kwalabe. Mai gangarmu ya koma tuƙin tifa, mai jita ya tafi Kano. Ni na koma wa zarto da guduma, sai dai duk bayan kwana biyu nakan bi ta kulob in zuba ruwan nan, masu gadi suna mini dariya.

Hannatu ta bar aikin asibiti tun lokacin da suna ya zo, mijinta kuma ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Sai ta kafa murhu a bakin tasha tana tuyar masa da ƙosai. Duk wanda ya san murya ya san abin da hayaƙin itace yake mata. Jefi-jefi akan kira mu biki ko liyafar sallamar wani ma'aikaci, in ari ƙaramin ogan, irin fiyanon da ake ɗauka a hannu, mu je mu biyu. Na sauke mataki na biyu, bayan shekara na sauke na uku. A wani biki a unguwar Kagarawal, duk da ukun, ta hau wurin nan mai tsawo na waƙar jirgin safe, muryar ta tsage. Wasu 'yan mata a gaba suka tuntsire da dariya. Ta ƙarasa waƙar, don ita ba ta taɓa tsayar da waƙa a tsakiya ba, ko rufi ne ya faɗo. Amma ni na ga bayanta, kuma dariyar nan ta zauna mini a kunne.

Bayan wannan da 'yan watanni wani ma'aikacin gidan rediyo ya aiko cewa yana yawon ɗaukar muryoyin tsofaffin mawaƙa, zai biyo ta Gombe, kuma yana son waƙar jirgin safe. Hannatu ta bar wa ƙanwarta murhu mako uku. Ba ta kusantar hayaƙi, ba ta shan ruwan randa, sai ruwan ɗumi da zuma, magana ma da hannu take yi wa 'ya'yanta. Ni kuma na roƙi manajan kulob aka sauke kwalabe, na kwana biyu ina ɗaure wayoyi, na yanka wata hular dara. Ba mu yi gwaji tare ba. Na nema, ta aiko cewa tana tattalin abin da ta tara.

Mutumin ya iso da hantsi, da rikodarsa mai manyan faifan tef biyu. Mu ne zangonsa na ƙarshe, tef ɗinsa saura kaɗan. Ya auna ya ce zai ɗauki waƙa ɗaya, sau ɗaya, ba maimaici, kuma direba yana jiran sa a waje. Mu huɗu ne a zauren: shi, da ni, da Hannatu, da wani tsoho mai shara da ya jingina da tsintsiyarsa. Tana sanye da doguwar rigarta shuɗiya ta zamanin Kaduna, ta yi mata yawa yanzu. Yana gyara makirufo sai ta tako wurina, ta dafa fiyano, ta yi abin da ba a yi.

"Sale, yau ka mayar da ni inda ka same ni."

Na ce, "Yaya, wane wuri?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Uku ka cire. Ka mayar mini da su. Yau akwai."

Na ce to. Wallahi da niyyar cikawa na ce to, har na ɗora yatsuna a tsohon wurin. Mutumin ya ɗaga hannu, tef ya fara juyawa. A daidai nan dariyar Kagarawal ta dawo mini. Na ce a raina, can iska ta kwashe, nan kuwa in ta tsage, ta tsage ke nan har abada, kowa zai ji, 'ya'yanta za su ji. Na dubi kafaɗarta na ga ƙashi. Hannuna ya gangara mataki uku, na buga shigar waƙar.

Kafaɗar ta ƙame. Na ɗauka za ta juyo, ba ta juyo ba. Ta bar zagaye ɗaya ya wuce, sannan ta shiga a inda na ajiye ta. Ta rera waƙar tsaf, ba gargada ko ɗaya. Tun a baiti na biyu na ji muryar a sake take, a wanke, irin wadda rabona da ji tun kafin tarin nan. Da ta iso wurin hawan, ta taka shi kamar mai hawa dakalin ƙofar gida. Akwai sauran fili a sama, mai yawa, kuma ni na rufe shi. Ba yadda za a yi in hau da ita a tsakiyar waƙa ba tare da na ɓata ɗaukar ba. Haka na raka ta har ƙarshe.

Mutumin ya kashe rikoda, ya ce madalla, ya nuna mana wutsiyar tef ɗin da ta rage, ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya durƙusa yana naɗe waya. Hannatu ba ta motsa daga inda take ba. Sai ta ja numfashi, ba fiyano, ba makirufo, ta ɗauko baitin ƙarshe a tsohon matakinsa, ainihin inda ta ɗora waƙar ranar da ta tsara ta. Ta hau, muryar ta buɗe, ta cika zauren har kwanon rufi yana amsawa, ta tsaya a kai har numfashi ya ƙare don kansa. Ko ɗigon tsagewa babu. Mutumin rediyo ya miƙe da waya a hannu, ya dubi rikodarsa, ya dube ni. Tsoho mai shara ya ce, "Ikon Allah."

Ta ɗauki gyalenta ta zo ta gabana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na san don ni ka yi. Amma da ka bar ni, in faɗuwa ce in faɗi da ƙafata."

Mutumin ya yi alkawarin zai dawo da sabon tef. Aka yi masa canjin wurin aiki, bai dawo ba. Washegari Hannatu ta koma bakin murhu, don 'ya'ya ba sa cin waƙa. Ba ta yi gaba da ni ba. In na bi ta tasha takan zuba mini masa ta ƙi karɓar komai, ta tambayi iyali. Sau biyu aka kira mu biki bayan nan, ta ce a ba su haƙuri. Na je har gida da niyyar neman gafara, ta shimfiɗa mini tabarma, muka yi hirar tsadar itace har na tashi ban iya ɗauko maganar ba. Mun saba da rashin faɗin abin da ke ranmu, shi ya ci mu. Shekara huɗu bayan ɗaukar, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ta rasu, aka kai ta garinsu aka binne.

Da labarin ya kai gidan rediyo, suka nemo tef ɗin suka sa. Ina shago ina goge ƙofa da yamma na ji shigar fiyanona, mataki uku a ƙasa. Da waƙar ta ƙare, mai gabatarwa, wani matashi da bai taɓa ganin ta ba, ya yi mata addu'a, ya ce Gombe ta yi rashin mawaƙiya mai kaurin murya, wadda ba ta hawa sama amma tana ratsa zuciya. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ba shi ya ji. Har yau duk wanda ya san Hannatu ta wannan tef ya san ta, jikokinta ma haka.

Mu uku ne muka ji baitin nan na bayan an kashe rikoda. Mai shara ya rasu tun da daɗewa, mutumin rediyo ma na ji labarin rasuwarsa. Saura ni, kuma ni ba na iya rerawa.